Zanen tsofaffin akwatunan wasan bidiyo: wa ke da haƙƙinsa, me doka ta ce kan kwafarsa

Akwatin wasan bidiyo na kwandala, wanda masu jin Faransanci ke kira borne d'arcade, na'ura ce mai tsayin mutum da ake girkewa a kantuna da ɗakunan wasa, a jefa mata kwandala a yi wasa na 'yan mintoci. Ta fara fitowa kasuwa a Amurka da Computer Space a 1971 da Pong a 1972, ta kuma yi tashe sosai bayan Space Invaders na kamfanin Taito na Japan a 1978 da Pac-Man na Namco a 1980. Yau masu sha'awar kayan da suna sayen tsofaffin akwatunan suna gyarawa, wasu na ƙera sababbi da katako, kuma dukansu suna buƙatar abu guda: zanen da ke jikin akwatin. Shi ya sa fayilolin wannan zane suka cika intanet, masu ɗab'i kuma ke buga shi a sitika, riguna da allunan talla. Akasarin wannan zane yana ƙarƙashin kariyar doka har yanzu, kuma masu shi suna nan da ransu da lauyoyinsu.

Mene ne zanen

Wurare huɗu ne suka fi ɗaukar zane a jikin akwatin. Akwai allon goshi, wanda ke can sama da fitila a bayansa, ɗauke da sunan wasan. Akwai manyan hotunan gefe biyu. Akwai firam ɗin da ya kewaye gilashin allo, inda ake yawan rubuta ƙa'idojin wasa. Sai shimfiɗar teburin maɓallai, wadda ita ce ke fara lalacewa saboda gumin hannu da ƙunar sigari. A kan waɗannan ana ƙara takardun talla da kamfanoni ke aika wa dillalai.

Hotunan da ke cikin wasannin wancan zamani 'yan ɗigo-ɗigo ne kawai, don haka zanen jiki ne ke jawo mai wucewa. Akwatin Space Invaders yana ɗauke da wasu manyan dodanni masu siffar mutum waɗanda babu su sam a cikin wasan. Pac-Man ɗin da kamfanin Midway ya zana a akwatinsa mai ruwan ɗorawa na Amurka yana da ƙafafu da jajayen idanu, ya sha bamban da na akwatin Namco a Japan, inda ma sunan wasan da fari Puck Man ne. Wannan bambanci yana da amfani ga mai neman fahimtar doka: zanen jiki aiki ne mai zaman kansa, dabam da manhajar wasan, kuma wasa ɗaya na iya samun zane biyu ko uku daga hannun kamfanoni daban-daban. An san wasu daga cikin masu zanen. George Opperman ne ya zana tambarin Atari, Python Anghelo ya yi zanen Joust na kamfanin Williams a 1982, Shigeru Miyamoto kuma ya yi aikin zanen akwati a Nintendo kafin ya ƙirƙiro Donkey Kong a 1981. Da yake ma'aikatan kamfani ne, a dokar Amurka da ta Japan haƙƙin yakan zama na kamfanin.

Kariya iri biyu

Kariya ta farko ita ce haƙƙin mallakar fasaha, abin da ƙasashen renon Faransa ke kira droit d'auteur. Shi ke ba mai aiki ikon hana kwafa, rarrabawa, nunawa ga jama'a da sarrafa aikinsa zuwa wani abu. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanadi cewa wannan kariya ba ta buƙatar rajista, kuma kowace ƙasa da ta sa hannu dole ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1962, Kamaru a 1964, Chadi a 1971, Amurka a 1989, Gana a 1991, Najeriya a 1993. Ma'ana, zanen da aka yi a Tokyo ko Chicago yana da kariya a Yamai, Garwa, Njamena da Kumasi ba tare da mai shi ya taɓa taka ƙasar ba.

An daɗe ana muhawara kan ko ado da ke jikin kayan amfani yana samun wannan kariya. A Amurka, Kotun Ƙoli ta warware batun a 2017 a shari'ar Star Athletica da Varsity Brands, wadda ta shafi adon tufafi: idan za a iya raba zanen da kayan a tunani, ya tsaya da kansa a matsayin hoto, to yana da kariya. Zanen gefen akwati ya cika wannan sharaɗi ba tare da wahala ba.

Kariya ta biyu ita ce ta alamar kasuwanci, wato suna da tambari. Pac-Man, Atari, Nintendo, Street Fighter, duk alamomi ne masu rajista. Haƙƙin mallakar fasaha yana da wa'adi, amma alamar kasuwanci ana sabunta ta duk shekara goma, kuma tana iya ɗorewa muddin ana amfani da ita. Allon goshi kusan ba komai ba ne face suna da tambari, don haka mai buga shi ya sayar yana taka dokoki biyu a lokaci guda. Daga ɓangaren alamar kasuwanci ne kuma tuhumar sayar da jabun kaya ke fitowa, wadda ita ce ke shigo da 'yan sanda da jami'an kwastan cikin magana.

Shekara arba'in ba tsufa ba ce a idon doka

A Amurka, aikin da ma'aikaci ya yi wa kamfani yana da kariyar shekara 95 daga ranar fitowarsa, tun bayan dokar tsawaita wa'adi ta 1998. Zanen da ya fito a 1980 zai kasance a kulle har ƙarshen 2075. Japan tana ba aikin kamfani shekara 50 a da, amma a ƙarshen 2018 ta mayar da shi 70, wato zanen 1978 da zai kuɓuta bayan 2028 yanzu sai bayan 2048. A Faransa wa'adin shekara 70 ne bayan mutuwar mai aikin, ko bayan fitowar aikin idan na haɗin gwiwa ne ƙarƙashin sunan kamfani. Gana da Najeriya ma shekara 70 suke bayarwa bayan mutuwar mai aiki, Kamaru kuma 50.

Akwai ƙofofi biyu da ke iya buɗewa, sai dai dukansu ƙanana ne. Ta farko: kafin 1 ga Maris 1989, dokar Amurka na buƙatar a sa alamar © a jikin aiki, kuma wanda aka fitar ba tare da ita ba yana iya rasa kariya. Wasu takardun talla da zanen ƙananan kamfanoni na farkon 1970 na iya faɗawa wannan rukuni. Amma manyan kamfanoni sun saba buga alamar da shekara a ƙasan allon goshi ko firam, kuma Amurka ta maido wa ayyukan ƙasashen waje da yawa kariyarsu a 1996. Ta biyu: yarjejeniyar Berne ta yarda ƙasa ta taƙaita kariyar adon kayan amfani zuwa shekara 25 daga yin sa. A ƙasar da ta zaɓi gajeren wa'adi, lauya na iya cewa zanen akwati ado ne na kaya, wa'adinsa ya cika. Ɗaya ɓangaren zai amsa cewa hoton Mario ko Pac-Man hoto ne cikakke ko a jikin me aka manna shi, kuma sunan yana nan a rajista. Ban da haka, fayil ɗin da aka ɗora a intanet daga wata ƙasa ana sauke shi a ƙasashen da wa'adinsu bai cika ba.

Labarin Popeye ya nuna yadda abin ke ruɗar mutane. Siffarsa ta farko ta 1929 ta zama ta kowa a Amurka ranar 1 ga Janairu 2025. Hakan bai 'yantar da zanen akwatin wasan Popeye da Nintendo ya fitar a 1982 ba, domin wannan sabon aiki ne mai nasa wa'adi.

Kamfani ya rushe, haƙƙi ya koma wani hannu

Hujjar da aka fi ji a bakin masu raba fayiloli ita ce kamfanin da ya yi akwatin ya daɗe da mutuwa, don haka zanen ya zama maraya. Babu wata doka da ta san wannan. Idan kamfani ya karye, haƙƙoƙinsa kadara ce kamar gini ko mota, ana yin gwanjonsu a biya masu bin bashi.

Atari ne misalin da ya fi sarƙaƙiya. A 1984 aka raba kamfanin gida biyu. Sashen na'urorin gida ya koma hannun Jack Tramiel, daga nan ya bi ta kamfanin JTS a 1996, Hasbro ya saye shi a 1998, sannan Infogrames na Faransa ya karɓe shi a 2001. Infogrames ɗin ne ya sauya suna zuwa Atari SA a 2009. Wato tambarin Atari da wasanni irin su Pong, Asteroids, Centipede da Missile Command yau mallakar kamfanin Faransa ne. Sashen akwatunan kwandala kuwa ya zama Atari Games, wanda ya fitar da Marble Madness, Paperboy da Gauntlet. A 1996 ya shiga gidan Williams da Midway, kuma da Midway ya karye a 2009, Warner Bros. ya sayi akasarin kadarorinsa kan kimanin dala miliyan 33. Don haka akwatuna biyu masu sunan Atari a goshi na iya zama da iyayengiji biyu da ba abin da ya haɗa su. Joust, Defender da Mortal Kombat ma suna hannun Warner.

Sauran ma haka. Square Enix ya mallaki Taito tun 2005, shekarar da Namco ya haɗe da Bandai. Data East ya karye a 2003, G-Mode ya sayi yawancin wasanninsa. Haƙƙin Double Dragon ya koma Arc System Works a 2015. Q*bert na kamfanin Gottlieb yana hannun Sony.

Wani lokaci zane ɗaya yana da masu haƙƙi biyu. Akwatin Tron na 1982 Midway ne ya ƙera, amma fim ɗin na Disney ne. Star Wars na 1983 aikin Atari ne bisa izinin Lucasfilm, wanda Disney ya saya a 2012. The Simpsons na Konami da ya fito a 1991 yana ɗauke da siffofin da su ma suka koma Disney a 2019. Izinin kamfanin wasa kaɗai bai wadatar ba a irin waɗannan.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ruɗani ba. Wasu matasa na kamfanin General Computer Corporation ne suka ƙirƙiro Ms. Pac-Man, suka kuma riƙe haƙƙin karɓar wani kaso na ribarsa. A 2019 kamfanin AtGames ya sayi wannan kaso, Bandai Namco kuma ya kai shi kotu a California kan wani ƙaramin akwatin Ms. Pac-Man da ya ce an ƙera ba da izininsa ba. An sasanta a 2020. A wasu tsofaffin wasanni da Bandai Namco ya sake fitarwa a 2022, an cire hoton Ms. Pac-Man an sa wata sabuwar siffa mai suna Pac-Mom.

Mai akwati da mai zane

Wanda ya sayi akwati na asali yana da ikon sayar da shi, ba da shi kyauta ko ajiye shi a shagonsa. Abin da ya saya katako ne da gilashi da kwafi ɗaya na zanen. Ikon yin ƙarin kwafi bai biyo shi ba, kamar yadda mai sayen littafi ba ya samun ikon buga shi.

Mai gyaran akwatinsa da ya ɗauki hoton zanen da ya koɗe, ya buga guda ɗaya ya manna, shi ne ke cikin mafi ƙarancin haɗari. Dokar Faransa da ta ƙasashe da dama da suka bi tsarinta sun halatta kwafi don amfanin kai, muddin daga halastaccen tushe aka ɗauka kuma ba don jama'a ba. Kariyar tana raunana da zarar an girke akwatin a ɗakin wasa da ake karɓar kuɗi, ko aka buga guda goma maimakon ɗaya.

Masu sake zana hoton a kwamfuta, layi bayan layi, sukan shafe makonni suna daidaita launi, kuma da yawansu na ganin wannan wahala ta ba su haƙƙi. Wata kotun tarayya a New York ta yanke a 1999, a shari'ar Bridgeman da Corel, cewa kwafin da ya yi daidai da hoton asali ba ya samar da sabon haƙƙi, komai ƙwarewar da aka zuba. Abin dariya a nan shi ne masu wannan sana'a sukan yi rigima da juna kan wa ya sace fayil ɗin wa, alhali dukansu a gonar wani suke noma. Idan kuma mai zanen ya sauya launi ko ya cakuɗa siffofin wasanni da yawa a gefe ɗaya, kamar yadda ake yi wa akwatunan da ke ɗauke da ɗaruruwan wasanni, ya shiga batun sarrafa aikin wani, wanda shi ma sai da izini, kuma masu haƙƙin sun ƙaru.

Rubuta "ba na sayarwa ba ne" ko "haƙƙi na masu shi ne" a ƙarƙashin hoto ba ya wanke kowa. Amurka tana da ƙa'idar amfani na adalci, wadda ke kare sharhi, bincike, koyarwa da labarai, amma alƙali ne ke auna ta bayan an riga an shiga kotu, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 kan hoton mawaƙi Prince da Andy Warhol ya sarrafa ya ƙuntata ta a inda kwafin ke gogayya da na asali a kasuwa. Ƙaramin hoton akwati a cikin rahoton jarida abu ne guda. Fayil mai girman bango da aka shirya don ɗab'i ba shi da wani amfani sai maye gurbin na asali. Ƙasashen da ke bin tsarin Faransa ba su da wannan faffaɗar ƙa'ida, jerin keɓe-keɓe ne kawai da doka ta lissafa, kamar gajeren tsokaci da koyarwa.

Abin da ke faruwa a aikace

Mafi yawan lokuta magana ba ta kai kotu. Mai haƙƙi yana aika takardar koke ga shafin da ke ɗauke da hoton, bisa dokar DMCA ta Amurka ta 1998, shafin kuma ya sauke. Facebook, YouTube, eBay da Etsy duk suna bin wannan tsari ko da mai asusun yana Zinder ko Marwa, kuma wanda koke ya yawaita a kansa ana rufe masa asusu. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ya shekara yana tara abokan ciniki a shafi ɗaya, wannan asara ce ta gaske ko ba a ci shi tara ba.

Idan aka je kotu, adadin kuɗin yana da nauyi. Dokar Amurka ta ba da damar diyyar dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki mai rajista, har zuwa 150,000 idan da gangan aka yi. A Faransa, satar fasaha laifi ne mai hukuncin ɗaurin shekara uku da tarar yuro 300,000, kusan sefa miliyan 197. Nintendo ya samu hukuncin sama da dala miliyan 12 kan masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO a 2018, da kimanin miliyan 2.1 kan mai RomUniverse a 2021. Waɗannan shari'o'i sun shafi fayilolin wasanni ne, amma sun nuna cewa tsufan wasa ba ya hana kamfani bin haƙƙinsa. A 2017 Atari ya kai Nestlé ƙara kan tallan KitKat da ya kwaikwayi wasan Breakout, aka sasanta a wajen kotu. A shekarar kuma masu gabatar da ƙara na gundumar Santa Clara a California sun tuhumi wasu mutane da sayar da jabun akwatunan Pac-Man da Galaga.

Kamfanoni ba kullum suke nasara ba. Atari ya kai Redbubble ƙara, shafin da ke buga zanen mutane a riguna da kofuna, amma masu taimaka wa alƙali suka wanke shafin a 2021. Wanda aka wanke shi ne dillali. Mutumin da ya ɗora zanen da hannunsa ba shi da wannan mafaka.

A ƙasashen yankin

Ƙasashe 17 ne ke cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ciki har da Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo da Burkina Faso. Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999 da 2015, ita ce ginshiƙinta. Rajistar alamar kasuwanci guda ɗaya a OAPI tana aiki a dukan ƙasashen, don haka kamfani ba ya buƙatar bin kowace ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Gana da Sudan suna cikin wata ƙungiyar, ARIPO, Najeriya kuma tana da nata tsarin rajista. Haƙƙin mallakar fasaha kowace ƙasa da dokarta: Nijar tana da dokar 23 ga Disamba 2010 da ofishin BNDA, Kamaru dokar 19 ga Disamba 2000, Chadi dokar 2003 da ofishin BUTDRA, Gana dokar 2005, Najeriya dokar 2022. Dukansu sun mai da kwafa don kasuwanci ba da izini ba laifi.

Da wuya wani kamfani na Tokyo ya aiko lauya kan allon shago ɗaya a Maradi mai hoton Pac-Man. Haɗarin ya fi kusa da mutane iri uku. Na farko mai shigo da kaya daga China ko Dubai ta tashoshin Kwatano, Lome ko Duwala, domin na'urorin da ke zuwa da dubban wasanni a ciki da hotunan Mario da Street Fighter a jiki galibi ba su da lasisi, kuma kwastan na da ikon riƙe kayan da ake zargi jabu ne. A 2024 'yan sandan kuɗi na Italiya sun kama kimanin irin waɗannan na'urori 12,000 a wani bincike da aka gudanar daga Turin. Na biyu mai ɗab'i ko mai zane da ke karɓar aiki daga Turai da Amurka ta intanet. Na uku ɗan ƙasar da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Amurka, wanda ke sa a buga masa kaya a gida da araha ya sayar a can, inda masu haƙƙi ke sa ido sosai. Mai ɗab'i ba ya kuɓuta da cewa abokin ciniki ne ya kawo fayil, tunda injinsa ne ya yi kwafin.

Inda ake samun izini

Akwai kasuwar halas ta wannan zane, kuma wanzuwarta ce ke ƙarfafa hujjar kamfanoni cewa kwafin da ba izini yana rage musu ciniki. A 2018 Arcade1Up ya fara sayar da ƙananan akwatuna masu zanen asali bisa lasisi. Littafin Art of Atari na Tim Lapetino ya fito a 2016 da amincewar kamfanin. A ɓangaren injinan ƙwallon ƙarfe na Williams da Bally, kamfanin Planetary Pinball Supply ne ke riƙe da lasisin sake ƙera kayayyakin gyara da zanensu. Mai neman izini yana farawa ne da layin © da ke jikin akwatin, ya ga suna da shekara, sannan ya bi diddigin wanda ya gaji wannan kamfani. Takardar lasisi takan fayyace ƙasashen da aka yarda a sayar, irin kayan da za a buga, adadinsu da tsawon lokaci, kuma izinin da aka bayar don Amurka ba ya aiki a Kamaru sai an rubuta haka.